Nauyi Mai Tafiya

Talata, 4 ga Fabrairu, ƙarfe tara na safe

Abin da na gani da safen nan zan fara rubutawa, tun kafin a gaya mini ban gani ba.

Bakwai ta ɗan gota keke napep ya tsaya a ƙofar gidanmu, nan Bukan Sidi. Norbert mai sola ne ya kawo kayan da Inna ta ba da kafin alƙalaminsu: fanel huɗu, inbata, da batir. Batir ɗin farin akwati ne na ƙarfe, da hannu a kowane gefe. Mu biyu muka sauke shi daga keke. Ni na riƙe hannun dama. Ba zan rubuta wanda ya riƙe ɗayan ba.

A dokin ƙofa gindin akwatin ya bugi siminti, sai yashi ya zubo ta kusurwa, bai fi cikin cokali ba. Farin yashi ne irin na rafi. Ƙasar ƙofarmu ja ce. Ina kallo wani baƙin takalmi sau-ciki ya taka shi, ya murza sau biyu, ya wuce.

Ko ban ga yashin ba, hannuna ya ji. Shekara tara ina dako a kasuwa. Aji huɗu na tsaya a firamare, amma kafaɗata ta yi karatunta. Kaya iri biyu ne. Akwai nauyi mai zama, irin ƙarfe da bulo da gishirin Awe in ya sha raɓa ya dunƙule, inda ka aza shi nan yake. Akwai nauyi mai tafiya, irin shinkafa da gero da yashi, in ka karkata sai ya bi ka, ya taru a ƙasa ya ja maka wuya. Da muka hau dokin ƙofa, nauyin batir ɗin nan ya tafi. Ya baro wancan gefe ya zo nawa.

Ban san abin da ke cikin batir ba. Amma ban yi tsammanin abu ne mai tafiya ba.

Talata, bayan Magariba

Wuta ta kama. Firizar Inna tana gurnani, Inna ta dafa ta da hannu biyu kamar wadda ta ga ɗanta ya dawo daga tafiya. Na bar maganar yashi sai gobe.

Bari in rubuta yadda aka zo nan. Inna da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya take ciyar da gidan nan tun rasuwar Baba. Wutar layi sai ta ga dama, wani lokaci awa biyu, wani lokaci kwana uku shiru. Janareta kuma ya fi mu cin ribar. Ga azumi saura sati uku da 'yan kwanaki, lokacin da mai ƙanƙara ke zama sarki a unguwa.

Wata biyu ana jujjuya magana. Akwai kamfanin da ke sa maka sola ka ba da dubu ɗari uku, sauran ka biya wata-wata har shekara biyu da rabi. In ka haɗa, ya fi tsada nesa, kuma watan da ka gaza suna iya kashe maka daga can inda suke zaune. Inna ta ce, "Ba na son bashin da zai kashe mini fitila daga ofis." Sai wana, Yaya Baballe, ya kawo Norbert, abokin karatunsa, wanda ya ce miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, kaya sun zama naka har abada. Inna ta kwashi adashenta, aka sayar da janareta, aka haɗa masa miliyan ɗaya. Cikon ranar Alhamis 20 ga wata.

Cikon nan saniya ce. Ja, wadda Baba ya bar wa Inna, tana rugar Bubayero a hanyar Awe. Ita kaɗai ta rage.

Laraba, 5 ga Fabrairu, bayan La'asar

Na gaya wa Inna. Tana tace zoɓo, ba ta ɗago ba sai da na kai ƙarshe.

"Zakiyyu, bayan kai wa ya gani?"

Na ce Allah ya gani.

"Allah yana ganin komai. Mutum nake tambaya."

Yaya yana tsakar gida yana goge takalmin zuwa sakatariya, inda yake aikin wucin gadi. Ya yi dariya ya ce, "Inna, ki bar Furofesan Doya. Yanzu kafaɗarsa ce za ta koya wa injiniya aiki." Ya ce batirin zamani ne, cikinsa akwai garin sinadari, abin da ba a koyarwa a aji huɗu.

Ni dai na ji a hannuna.

Jumma'a, 7 ga Fabrairu, shida da rabi na safe

Na buɗe firiza. Ƙanƙarar sama ta zama ruwa a leda, ta ƙasa ta yi laushi. Jiya da yamma allon batir ya nuna ɗari cif. Da asuba a mace muka same shi.

Asabar, 8 ga Fabrairu, azahar

Norbert ya zo, da turarensa da ƙaramar jakarsa. Ya danna nan ya danna can.

"Mama, babu matsala. Batir sabo ne, yana koyon gida. Sai ya yi sati biyu kafin ya san firiza naki."

Inna ta ce ashe shi ma kamar amarya ne. Suka yi dariya su uku.

Na ce, "Oga Norbert, sati biyun zai cika kafin ashirin ga wata ko bayanta?"

Ya dube ni daga silifa zuwa kai. Ya ce da Yaya, "Wannan ƙanin naka lauya ne?"

"Ɗan dako ne," in ji Yaya.

Gaskiya ya faɗa, ban ji haushi ba. Na ƙirga da yatsa a gabansu. Sati biyu daga yau 22 ga wata ne. Kwana biyu bayan Ja ta tafi.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, safe

Ruwa a leda.

Litinin, 10 ga Fabrairu, biyar na yamma

Na dawo kasuwa na tarar an yi wa batir keji. Mai walda ya zo da rana ya kewaye shi da ƙarfe a lungun falo, an sa kwaɗo. Wai saboda ɓarayi. Mabuɗin yana hannun Yaya. A bakin murfin batir ɗin kuma Norbert ya manna wata jar takarda, ya ce wa Inna ita ce garanti, ranar da ta yage babu ruwansa da mu.

Na tsuguna na leƙa ta tsakanin ƙarafan. An matse shi sosai, ko yatsa biyu ba zai karkata ba.

Gidan nan shekara ashirin ko kaza ba a taɓa sace mana ba. Na san ɓarawon da aka yi wa keji.

Talata, 11 ga Fabrairu, bakwai na safe

Yanzu laifin ya dawo kaina. Norbert ya ce a waya lalle akwai mai jona abu mai nauyi in an kwanta, shi ya sa batir ke mutuwa. Yaya ya shiga ɗakina ya ɗaga katifa, wai yana neman hita ko dutsen guga. Ya samu tsohuwar tocila da wannan littafin. Ya juya shi ya ajiye, bai buɗe ba. Da ya buɗe da ya fi mini.

Ya cire soket ɗin ɗakina ya naɗe wayar da baƙin tef. Inna tana tsaye a ƙofa, ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba.

Na ce, "Madalla. Gobe in ƙanƙara ta narke, sai a nemi wani."

Laraba, 12 ga Fabrairu, safe

Ɗakina babu wuta. Ruwa a leda.

Laraba, bayan Magariba

Akwai sabuwar waya a gidan nan, mai ido uku a baya. Albashin wucin gadi wata biyu ke nan bai fito ba. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, uku na rana

Bayan mun gama lodin doya na tafi gareji wurin Baba Iorfa, tsohon da ke gyaran batir da wayarin na motoci. Yanzu har na sola ana kawo masa. Na gaya masa komai, ban da hannun nan ɗaya.

Bai ce mini Furofesa ba. Ya nuna mini wani farin akwati a ƙarƙashin tebur, girmansu ɗaya da namu, na wani mai otal.

"Ɗauka."

Na ɗauka.

"Karkata shi."

Na karkata dama, na karkata hagu, na tsayar da shi a kan gindinsa. Shiru. Nauyin yana zaune daram kamar bulo.

"Ka ji magana?"

Na ce ban ji ba.

"To. Batir na gaskiya ba ya magana. Wanda ya yi maka shuuu, wannan rafi ne aka sa masa fenti." Ya ce ya taɓa buɗe irinsu biyu. Ana sa 'yan ƙwayoyin batir kaɗan don wuta ta kama ranar farko, sauran wurin a cika da yashi don sikeli ya yarda. Allon kuma an koya masa ya riƙa cewa ɗari.

Na tambaye shi wanne ya fi, na kamfani ko na kuɗi hannu. Ya goge hannu da tsumma.

"Ɗana, kowanne akwai ciwo nasa. Na kamfani za ka biya kusan biyu. Amma mai zuwa karɓar kuɗi kowane wata dole ya so wuta naka ya kama. Mai karɓa sau ɗaya, Allah ya kiyaye hanya. Kuɗi hannu ya fi arha in ka san mutum, kuma ka riƙe ciko har kaya ya nuna hali."

Na ce mun riƙe ciko.

"To kar ku sake shi."

Na sayo masa ruwan leda biyu, ya ce in kai wa batirinmu, shi ya fi buƙata.

Jumma'a, 14 ga Fabrairu, bayan masallaci

Na gaya wa Inna maganar Baba Iorfa a gaban Yaya. Yaya ya ce mai gyaran tsofaffin motoci me ya sani, hassada ce ta 'yan sana'a. Na ce to a buɗe a gani.

Ya miƙe. "Ka yaga takardar nan, garanti ya tafi. In aka buɗe babu komai, ka ƙona wa Inna miliyan ɗaya. Kana da ita? Buhu nawa za ka ɗauka?"

Na ce ban da ita.

"To in ka taɓa shi aka samu lafiyarsa ƙalau, ka tattara ka bar gidan nan. Inna, ki zama shaida."

Inna ta ce, "Ku bar ni in ji da zafin rana." Ba ta ce masa ya janye ba.

Na lissafa a hanya. Naira ɗari biyu buhu. Buhu dubu biyar ke nan. Zan iya, in Allah ya bar mini bayana shekara biyu. Lissafin bai ba ni tsoro ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, bayan La'asar

Na hau mashin zuwa rugar Bubayero. Shi ke kiwon shanun Baba tun ina goye, yanzu saura Ja a cikin nasa.

Ta gane ni, ko dai ta gane gishirin da ke aljihuna. Ta lashe tafina tas. Bubayero ya kama hannuna ya aza a gefen cikinta, ya ce in jira. Wani abu ya motsa.

"Wata bakwai," in ji shi. "Na aika wa Baballe tun watan jiya. In an sayar yanzu, biyu aka sayar a kuɗin ɗaya. Bai gaya wa Inna Ramatu ba?"

Na ce wataƙila ya manta.

Bubayero ya dube ni, ya dubi sandarsa. "Wataƙila."

Na roƙe shi ranar Alhamis kar ya wuce da ita kasuwa kai tsaye, ya fara biyowa ta gida ya ji daga bakin Inna. Ya ce dama shi ba ya sayar da dabbar mace da saƙon namiji.

Litinin, 17 ga Fabrairu, azahar

Norbert ya same ni a kasuwa, buhun gishiri a kaina. Ya ce in sauke mu gaisa. Na ce ina jinsa a haka.

"Zaki, kai mutum ne mai ƙarfi. Ina neman mai ɗaukar mini kaya. Kowane gida dubu biyar, ba wannan wahala ba. Abeg, mu zama 'yan'uwa."

Na ce, "Irin kayan da ka kawo mana?"

"Kaya kaya ne."

Na ce a'a, Oga, kaya iri biyu ne. Na wuce. Buhun da ke kaina gishirin Awe ne, ya sha raɓa, yana zaune lafiya.

Talata, 18 ga Fabrairu, safe

Sati biyu cif da kawo shi. Bai koyi gida ba. Inna ta zubar da kunun aya jarka guda, ya yi tsami.

Talata, bayan La'asar

Mu biyu ne a gida. Inna tana ɗaure zoɓo a leda, ina miƙa mata. Na gaya mata Ja tana da ciki. Hannunta ya tsaya, sannan ya ci gaba.

Can ta ce, "Kana ganin ban san ruwa daga ƙanƙara ba ne? Ni ke buɗe firizar nan kafin kai."

Na ce to me ya sa.

"Na riga na ba da miliyan. In na hana ciko ya kwashe kayansa, wa zai dawo mini da ita? In na ba da, ko banza yana da kunyar wanka, zai gyara. Wanka ya yi karatu, ya ce abokinsa ne. In ban yarda da wanda na sayar da awaki na kai makaranta ba, da wa zan yarda?"

Na ce ki yarda da wanda ba ki sayar da komai a kansa ba, ko sau ɗaya. Ya fita daga bakina kafin in kama shi.

Sai ta sake tambaya. "Bayan kai wa ya gani?"

Suna ɗaya ne, gajere. Da na faɗa da magana ta ƙare. Amma na dubi yadda ta ce "wanka ya yi karatu", na ga abin da sunan zai fasa, kuma ba batir ba ne.

Na ce, "Inna, bar shaida. A Awe aka haife ki. Shekara nawa kika yi kina ɗaukar gishiri daga wurin dafawa zuwa kasuwa?"

"Tun ban kai tsawon turmi ba."

"In an rufe miki ido an aza miki kwando, za ki san jiƙaƙƙe daga busasshe?"

Ta ce wannan ai ko a mafarki. Jiƙaƙƙe zama yake, busasshe yawo yake.

Na ce to ba na neman a buɗe. Takardar garanti ta zauna lafiya. A fito da shi daga keji kawai, in karkata shi, ki aza hannu. Ba a biyan kuɗin karkatawa.

Ta ce in miƙo leda.

Laraba, 19 ga Fabrairu, yamma

An ce mabuɗin keji ya ɓata. Na ɗaure kayana a buhu ɗaya na ajiye bayan ƙofa, kar a ce gobe na tsaya roƙo. Na kuma je na gaya wa Baba Iorfa ƙarfe takwas.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, biyu na rana



Bubayero ya riga kowa zuwa, ya bar Ja da dillali a bakin titi. Norbert ya zo da rasit ɗinsa a rubuce. Baba Iorfa ya zo da sukundireba a aljihun gaba, ya zauna a benci kamar mai jiran mota. Norbert ya tambaya wane ne wannan. Inna ta ce baƙonta ne.

Bubayero ya gaishe ta ya ce, "Inna Ramatu, in wuce da ita?"

Ta ce ya ɗan jira. Ta juya. "Baballe, mabuɗi."

"Inna, na ce ya ɓata."

"To Zakiyyu, kira mai walda ya yanka."

Norbert ya ce, "Mama, garanti fa." Inna ta ce garantin a jikin batir ya manna shi, ba a jikin keji ba, ko ta manta ne? Sai mabuɗi ya fito daga aljihun wando, aka ajiye shi a kan firiza, ba a miƙa wa kowa ba.

Baba Iorfa ya kashe inbata ya kwance wayoyi. Na jawo akwatin. Na ce, "Yaya, kama mini ɗaya hannun."

Ya ce, "Ai sana'arka ce."

Na ɗauka ni kaɗai na kai tsakar gida. Inna ta ɗaure zani ta tsuguna, ta aza tafinta biyu a jikin ƙarfen, ta rufe ido. Na ɗaga gefe ɗaya a hankali.

Shuuu.

Har Bubayero daga zaure ya ji. Inna ta ce in mayar ɗaya gefen. Na mayar. Ya sake tafiya.

Ta buɗe ido ta ce, "Busasshe ne."

Norbert ya fara Turanci, ya dawo Hausa, ya ce garin sinadari ne, duk na zamani haka suke. Inna ba ta dube shi ba. Ta sa farcenta ta yaga jar takardar da kanta, daga sama har ƙasa.

"Ba Zakiyyu ya yaga ba, kowa ya gani. Baba, buɗe."

Sukurori takwas. Na ƙirga su, don a kan kowanne sai da na tuna buhuna a bayan ƙofa. Da aka ɗaga murfi, ga 'yan ƙwayoyin batir a jere a lungu ɗaya, ba su ci kashi ɗaya cikin uku na wurin ba. Sauran ƙunshi huɗu ne na yankakken buhun shinkafa, an ɗinke da zaren buhu. Ɗaya ya fashe a kusurwa. Farin yashi.

Baba Iorfa ya ɗebo a hannu ya ce, "Mai kyau ne. Zai yi filasta."

Norbert ya rantse haka aka aiko masa daga Legas, shi ma cutarsa aka yi, zai je yanzu ya kira su. Ya fita da waya a kunne, ya bar rasit ɗinsa a kan benci.

Inna ta wanke hannu a buta. Ta ce, "Bubayero, mayar da ita gida. Ka gaishe da iyali."

Jumma'a, 21 ga Fabrairu, safe

Wayar Norbert a kashe. Shagonsa da kwaɗo. Maƙwabcinsa ya ce ya yi tafiya.

Asabar, 22 ga Fabrairu, bayan La'asar

Yau ce ranar da batir zai gama koyon gida.

Baba Iorfa ya hau rufi ya auna. Fanel huɗun na gaskiya ne, inbata ma ba laifi. Ya ce a miliyan ɗin Inna ba duka ne ya tafi rafi ba. Ya haɗa mana yadda firiza za ta yi aiki da rana, tun hantsi har La'asar, sannan a rufe ta ruf a lulluɓa da bargo, kar a buɗe sai lokacin sayarwa. Ƙanƙarar ba za ta kai yadda Inna ta yi buri ba, amma za a samu ta shan ruwa. Batir na gaskiya sai bayan Salla, daga ribar azumi, ko a tambayi kamfanin nan ko suna ba da batir kaɗai wata-wata. Inna ta ce ko wanne ne, ba a biya sai ta aza masa hannu.

Ni na kwance baƙin tef na mayar da soket ɗina. Ban nemi izini ba.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, takwas na safe

Wayar nan mai ido uku ba ta gidan. Tsohuwar mai fasasshen gilashi ta dawo caji. Inna ta samu kuɗi a naɗe cikin kwanon da take ajiye canji, ba ta tambayi kowa ba, ta ɗaure a bakin zani.

Ba a ce mini yi haƙuri ba. Ba a ce mini Furofesa ba kuma. Jiya an bar mini nama biyu a miya, ban san hannun wa ba ne.

Ɗazu ina kwashe yashin zan zuba a ramin bakin rariya, Inna ta tsaya a kaina.

"Ranar da aka kawo shi, kai kaɗai ka shigo da shi?"

Na ce, "Inna, ga yashi a gabanki. Me za ki yi da shaida kuma?"

Ta dubi ƙofar ɗakin da ke kallon nawa. Takalmin yana nan a ajiye, an goge shi yana ƙyalli. Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta ce in na gama in zo in ɗaga mata jarka.

Ba zan gaya mata ba, ko yau ko gobe. Shi ma ba zan tare shi ba. In ya ga dama wata rana ya faɗa da bakinsa, in bai ga dama ba mu ci gaba da cin tuwo a kwano ɗaya. Amma kwana goma sha biyar ana ce mini ban gani ba, an ɗaga mini katifa, na ɗaure kayana a buhu. Littafin nan nawa ne, da kuɗin dako na saya, kuma takalmi ba ya murje biro.

Ranar Talata 4 ga Fabrairu, bakwai ta ɗan gota, yashi ya zubo a dokin ƙofarmu. Nauyin ya baro hannun hagu ya zo nawa, wanda ke riƙe da hagun ya ji ya yi masa sauƙi, ya ɗago muka haɗa ido. Mu biyu muka gani, ni da Yaya Baballe.